Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Shirin Mai Zuwa Makarantar Koyon Kasuwanci A Faransa

 

A 'yan shekarun nan ba a cika wata biyu sai wani uba ya tare ni bayan an tashi daga karatu, riƙe da takarda ko da waya, ya ce: "Malam, a sa mana albarka, yaro ya samu makarantar kasuwanci a Faransa." Nakan yi addu'a, domin abin farin ciki ne. Sannan in yi tambaya ɗaya: idan ya gama, wace takarda za a ba shi, kuma wa ya san da ita? A nan galibi ake yin shiru. An san kuɗin makaranta, an san ranar tafiya, har an yi cinikin filin da za a sayar, amma hajar da za a saya ba a dube ta ba.

Ni ba malamin kasuwanci ba ne. Larabci da fiƙihu na fita nema a wata ƙasar Larabawa tun ina saurayi. Amma na ɗanɗana abin da rashin tambaya yake jawowa. Na isa da shahadata ta makarantar Arabiyya a hannu, aka ce ba za a karɓe ta ba sai an daidaita ta da tasu, kuma akwai hatimin da ya kamata in samo tun daga gida. Shekara guda na zauna ina jiran abin da zan iya gamawa cikin mako biyu kafin in tashi. Tun daga nan duk ɗalibin da ya fita ya dawo nakan zaunar da shi in tambaye shi, kuma abin da ke tafe daga irin wannan zama ne. Na taƙaita magana a kan Faransa saboda can ne yaranmu da suka ci Bak da Faransanci, daga Nijar da Kamaru da Chadi da Benin da Togo, suka fi karkata.

Fara da duba haja

Ya kai ɗalibi, ka sani cewa mafi yawan makarantun kasuwanci a Faransa ba na gwamnati ba ne. Wasu masu zaman kansu ne, wasu kuma suna da alaƙa da majalisun 'yan kasuwa na garuruwansu. A cikinsu akwai tsofaffi masu suna, irin su ESCP da aka kafa a 1819, da HEC, da ESSEC. Akwai na tsaka-tsaki nagari da yawa a garuruwa irin su Lille da Toulouse da Grenoble. Akwai kuma waɗanda hawa ɗaya ne na wani bene aka kama haya aka kafa allo. Dukansu suna da shafin intanet mai kyau, dukansu suna da hoton matasa suna murmushi. Hoto ba ya raba su. Abin da yake raba su shi ne matsayin takardar da suke bayarwa a wurin hukuma.

Ga inda ake zamewa. Kalmar "Master" digiri ne na ƙasa, doka ta kare ta. Amma "Mastère", da aka ƙara wa harafi a ƙarshe, da "MBA", da "Bachelor", sunaye ne da kowace makaranta take iya liƙa wa karatunta. Wani karatun mai irin wannan suna nagari ne ƙwarai, wani kuwa suna ne kawai. Don haka kada ka tsaya a kan suna, ka nemi abu biyu. Na farko, ko Ma'aikatar Ilimi Mai Zurfi ta sa wa wannan difloma hatiminta, abin da suke kira "diplôme visé". Na biyu, wanda ya fi ƙarfi, ko an ba ta "grade de licence" ko "grade de master", wato hukuma ta yarda cewa daidai take da lisans ko mastar na jami'a. Akwai kwamitin da yake tantance wannan, sunansa CEFDG, kuma yana wallafa jerin diflomomin da suka samu a shafinsa, kowa yana iya dubawa kyauta.

Lura da kyau: difloma ake bai wa wannan matsayi, ba makaranta ba. Makaranta ɗaya tana iya samun karatu goma, biyu suna da matsayin, takwas ba su da shi. Idan dillali ya ce maka "ai makarantar gwamnati ta san da ita", bai yi ƙarya ba, amma bai amsa tambayarka ba. Ka nemi sunan karatun da aka ɗauke ka daidai yadda aka rubuta shi a takardarka, ka je ka gan shi a jerin da idonka.

Akwai kuma rajistar da ake kira RNCP, za ka ga an rubuta mataki na 6 ko mataki na 7. Wannan shaidar sana'a ce, tana da amfaninta wajen neman aiki a can, amma ba digirin jami'a ba ce. Wanda yake da niyyar ci gaba zuwa digirin dakta, ko ya dawo gida ya shiga jarrabawar ɗaukar ma'aikatan gwamnati, ya yi hattara da dogara gare ta ita kaɗai. Su kuwa tamburan AACSB da EQUIS da AMBA alama ce mai kyau, ƙungiyoyin duniya ne masu tantance makarantun kasuwanci suke bayarwa, amma ba su maye gurbin hatimin hukuma.

Na san wani ɗan kasuwa, mutumin kirki mai yawan alheri ga masallaci, da ya sayar da shago ya tura ɗansa. Yaro ya yi shekara biyu, ya yi ƙoƙari, ya dawo da takarda mai ado. Da ya kai ta inda ake daidaita diflomomi aka ce ba a san ajin da za a sa ta ba. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, wannan uban ba ya sayen buhun shinkafa sai ya soka ya ga ƙwaya, amma ya yi cinikin biri a sama da miliyoyi, saboda abin da Turanci aka rubuta shi.

Sai maganar kafin alƙalami. Makarantu masu zaman kansu sukan nemi a biya wani kaso, wani lokaci dubban Yuro, kafin su aiko da takardar shaidar rajista. Kafin ka biya, ka karanta yarjejeniyar, ka nemo wurin da aka faɗi abin da zai faru idan aka hana ka biza: nawa za a mayar, nawa za a riƙe, cikin kwana nawa. In babu, ka nemi a rubuto maka. Kuma asusun makaranta ake tura wa kuɗi, ba asusun mutum ba, ko da ɗan garinku ne.

Ga 'yan'uwa na Nijar akwai ƙarin abu. An rufe ofishin jakadancin Faransa a Yamai tun farkon 2024, kuma a ƙa'ida mutum yana neman biza ne a ƙasar da yake zaune. Saboda haka kada ka biya ko dala sai ka samu amsa a rubuce a kan inda za ka ajiye takardunka. Kuma ba laifi ba ne ka duba kusa. A Dakar akwai CESAG, cibiyar koyar da gudanarwa da ke ƙarƙashin babban bankin BCEAO, a Maroko ma akwai makarantun kasuwanci na gwamnati irin su ISCAE ta Kasabalanka.

Lissafin da ya kamata a yi a gaban iyaye

Yuro ɗaya Sefa 655.957 ne, a yammaci da tsakiyar Afirka duka, don haka lissafin ba shi da wuya. Manyan makarantun kasuwanci sukan karɓi daga Yuro 10,000 zuwa sama da 20,000 a shekara. Mu ɗauki 12,000, wato kusan Sefa miliyan 7.9. Ga mai neman biza, a 2025 ana so ya nuna yana da aƙalla Yuro 615 a kowane wata, wato jika 403 da 'yan kai, kuma ka sake duba adadin a lokacin da za ka nema. Amma wannan iyakar takarda ce, ba kuɗin rayuwa ba. A Paris kuɗin ɗaki kaɗai yakan wuce haka. Ko a garin da ya fi sauƙi, mai hankali ya ƙiyasta Yuro 900 a wata, 10,800 ke nan a shekara. Haɗa da na makaranta ka samu 22,800, kusan Sefa miliyan 15. Shekara biyu, miliyan 30. Wannan adadin ya kamata a faɗa a tsakar gida, a gaban uba da uwa da duk wanda ya yi alkawarin taimako, ba kuɗin zangon farko ba.

Yara sukan ce: "Baba, in na je zan yi aiki in biya sauran." Doka ta ba ɗalibi baƙo damar yin aiki awa 964 a shekara, kamar awa 20 a mako. Mafi ƙarancin albashi a 2025 Yuro 11.88 ne a awa kafin a cire na hukuma, abin da yake shiga hannu kamar 9.40. Ko da ka samu aikin tun ranar da ka sauka, ka cika awoyin duka, abin da za ka tara bai wuce kusan Yuro 9,000 ba. Zai rage nauyin haya da abinci, amma ba zai biya makaranta ba. Kuma awa 20 a mako a bayan kantin abinci, daga lokacin karatunka ake yanko su. Akwai tsarin da kamfani yake ɗaukar ɗalibi, yana aiki yana karatu, kamfanin ya ɗauke masa kuɗin makaranta. Alheri ne ga wanda ya samu, amma sai an samu kamfanin, kuma baƙo yana da sharuɗɗansa. Ba a ɗora tukunya a kan wannan tun daga gida.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, jami'o'in gwamnati ma suna da makarantun koyon gudanar da kasuwanci, ana kiransu IAE, suna ba da lisans da mastar na ƙasa. Tun 2019 aka ƙayyade wa ɗalibai daga wajen Tarayyar Turai Yuro 2,770 a shekara a lisans da 3,770 a mastar, ana ɗan ƙarawa da tafiyar shekaru. Samun gurbi yana da wuya, na'am, amma ka gwada wannan da 12,000. A ganina duk wanda kuɗinsa na gumi ne ya fara ƙwanƙwasa wannan ƙofa. Akwai kuma tallafin Eiffel na gwamnatin Faransa, wanda makaranta ce take gabatar da sunan ɗalibi ba shi da kansa ba, kuma kuɗin rayuwa yake bayarwa, ba ya biyan kuɗin makaranta.

Za ka tarar makarantu da yawa suna da yarjejeniya da bankuna masu ba ɗalibai bashi, ana tallarsa da cewa ruwansa kaɗan ne. Kaɗan ko mai yawa, bashin da aka sharɗanta ƙari a kansa riba ne. Wanda ya yi lissafinsa tun a gida ba zai wayi gari a tsakiyar shekara tsakanin wannan da korar makaranta ba. Ka tambayi makaranta ko tana raba biya kashi-kashi ba tare da ƙari ba, da yawa suna yi.

Takardu, da watanni uku na farko

Shiri yana farawa shekara guda kafin tafiya. A ƙasashenmu ana bi ta dandalin "Études en France" na Campus France, wanda yakan buɗe a watan Oktoba, a shigar da takardu, a yi ganawa baki da baki. A ganawar ana so a ji me ya sa ka zaɓi wannan karatu da abin da za ka yi da shi, kuma wanda wani ya cike wa takarda nan take ake gane shi. Makarantu da yawa suna neman jarrabawar TAGE MAGE, tambaya 90 ce, maki 600, ko GMAT idan da Turanci ake karatun, tare da shaidar Turanci irin su TOEIC ko TOEFL ko IELTS. Waɗannan ba a shirya musu cikin mako ɗaya.

Ka duba sunanka a fasfo da takardar haihuwa da takardar Bak, harafi da harafi. Mu mutane ne da ake rubuta Mahamadou a nan, Mohamed a can, ranar haihuwa kuma ta bambanta. A gida ana dariya a wuce, a can kwamfuta ce take dubawa, kuma tana iya riƙe maka inshorar lafiya wata da watanni. Ka gyara tun kana gida. Ka ɗauki hoton kowace takarda ka ajiye a imel ɗinka, ka bar kwafi wurin wani amintacce, asalin kuma ya kasance a jakar hannunka ba a akwati ba.

A akwati kada a sa kilishi, ko dambun nama, ko man shanu, ko cuku. Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da kayan madara daga ƙasashenmu, ƙwacewa ake yi, har da tara. Iyaye mata su yi haƙuri, kuka da kuɓewa busassa da yaji sun isa. Magani kuwa a tafi da takardar likita. Kuma kada ka karɓi saƙon da ba ka ga cikinsa ba, ko wa ya ba ka.

Masauki shi ne babbar wahalar farko. Ɗakunan CROUS masu sauƙi ne amma ba su isa kowa ba. Masu gida sukan nemi wanda zai tsaya maka, kuma akwai tsarin Visale da yake tsaya wa ɗalibai kyauta, ana nemansa ta intanet tun kafin a sa hannu a haya. Za a karɓi kuɗin ajiya, na wata ɗaya a ɗakin da babu kaya, har na wata biyu a mai kaya, inshorar ɗaki kuma dole ce. Ranar shiga ana zagayawa a rubuta halin ɗakin: ka nuna kowane tabo, ka ɗauki hoto, domin da wannan takarda za a yi maka hisabi ranar fita. Duk wanda ya ce ka turo kuɗi kafin a ga ɗaki, wai yana tafiya zai aiko da makulli, ɓarawo ne.

Da ka sauka, agogo ya fara. Bizar ɗalibi sai an tabbatar da ita ta intanet cikin wata uku da shiga ƙasa, a biya harajin da a 2025 yake Yuro 50. Wanda ya yi sakaci ya zama mai zama ba bisa ƙa'ida ba alhali bizarsa tana cikin fasfo. Sai kuɗin CVEC, Yuro 105 a shekarar karatu ta 2025 zuwa 2026, da buɗe asusun banki, da rajistar inshorar lafiya ta gwamnati, wadda kyauta ce. Ganin likita Yuro 30 ne, ana mayar da kusan kashi 70 cikin 100. Sabunta izinin zama kuma ana nemansa tsakanin wata huɗu zuwa biyu kafin ya ƙare, kuma za a duba sakamakonka da halartarka. Ka ga ke nan faɗuwa jarrabawa a can ba maimaita aji kawai take jawowa ba.

A cikin aji ba irin karatun da muka saba ba ne, malam ya faɗa a rubuta a haddace. Za a ba ku labarin wani kamfani da matsalarsa, a haɗa ka da mutum huɗu ko biyar daga ƙasashe dabam-dabam, ku kawo mafita ku kare ta a gaban jama'a. Shirun da muke koya wa yara a gaban malami ladabi ne a nan, a can ana ɗaukarsa rashin shiri. Ka koyi Excel sosai kafin ka tafi, ka ƙarfafa Turancinka ko da an ce da Faransanci ake karatun. Kwafe maganar wani ba tare da jingina ta gare shi ba laifi ne da ake kora a kai, mu kuwa da muka taso a kan isnadi bai kamata wannan ya zame mana baƙo ba. Za a koya maka lissafin kuɗin ruwa da hada-hadar banki. Sanin yadda abu yake gudana dabam, yin mu'amala da shi dabam, ka koya da kyau. Kuma in niyyarka dawowa ce, ka tuna ƙasashenmu suna bin dokokin OHADA da tsarin lissafin SYSCOHADA, ba za a koya maka su a can ba sai ka nema da kanka.

Salla da abin da ya biyo baya

Wanda ya yi niyyar zaman shekara ba matafiyi ba ne. A mazhabarmu ta Malikiyya niyyar zaman kwana huɗu cikakku tana yanke ƙasaru, don haka da ka sauka sai cika salla. Abin da zai ba ka mamaki shi ne lokutan. A Paris a ƙarshen Yuni rana takan faɗi wajen ƙarfe 10 na dare, a Disamba kuwa kafin ƙarfe 5 na yamma, Azahar da La'asar da Magariba su taru a cikin lokacin aji. Jadawalin Asuba da Isha'i yakan saɓa tsakanin masallatai a lokacin bazara saboda shafaƙi yana daɗewa bai ɓace ba. Kada manhajojin waya su ruɗa ka, ka bi masallacin unguwarku, ka tambayi malaman da ke zaune can a kan abin da ya shige maka duhu. Juma'a ranar karatu ce. Tun makon farko ka dubi jadawalinka, ka san masallacin da ya fi kusa da minti nawa ne zuwa can.

Ga 'yan mata: dokar 2004 da ta hana alamun addini ta shafi makarantun gwamnati na firamare da sakandare ne, ba jami'a ba. Dokar 2010 kuma ta hana rufe fuska a bainar jama'a. Amma makaranta mai zaman kanta tana da dokokinta na cikin gida, kamfanin da za a yi koyon aiki ma yana iya samun nasa. A nemi a karanta kafin a biya.

A farkon shekara ƙungiyoyin ɗalibai sukan shirya tafiyar kwana biyu ta sanin juna, kuma giya tana da yawa a cikinta. Ba dole ba ce, ba a ba da maki a kanta. Sai dai kada ka rufe kanka a ɗaki, domin rabin abin da ake biya a irin wannan makaranta sanin mutane ne. Akwai ƙungiyoyin wasanni da na agaji da na muhawara, a nan ake samun abokan da za su tuna da kai ranar neman koyon aiki. Nama na halal yana samuwa a kusan kowane babban gari, kuma wanda ya iya dafa shinkafa da miya tun a gida ya rage kashe kuɗi da shakku gaba ɗaya.

Iyaye kuma, lokacin hunturu agogonsu daidai yake da na Nijar da Kamaru da Chadi, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba sukan wuce mu da awa ɗaya. Ku sa ranar waya ɗaya a mako. Kuma ku daina aika masa buƙatun dangi, ɗalibi ne, ba ɗan ci-rani ba.

Idan Allah Ya kai ka ƙarshen karatu, asalin diflomar takan ɗauki watanni kafin ta fito. Kada ka hau jirgi sai ka karɓi takardar shaidar cin nasara, da sakamakon kowane zango mai hatimi, da takardar da take bayanin abin da diflomar ta ƙunsa, da shaidar wuraren da ka yi koyon aiki. Ka bar wa makaranta adireshin da za a same ka, ka rubuta wa mai gida takardar barin ɗaki a kan lokaci don a mayar maka da kuɗin ajiyarka, kuma kada ka rufe asusun banki sai kuɗin ya shigo.